Gefen da Mai Bango Ya Datse

Da wani ya tare Mai Bango a bakin shagonsa ya ce masa kafin mako ya zagayo zai yi wa 'yarsa ɓarnar da maƙiyi ma ba zai iya yi mata ba, da ya ce mutumin ya je a duba kansa. Amma haka aka yi. Kuma ba cikin fushi ya yi ta ba, ba da ganganci ba. Da alwalarsa ya yi ta, da bisimilla.

Sana'arsa ɗinkin littafi. Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai sayar da magani, ba komai ciki sai teburi, da tukunyar gam, da matsi na ƙarfe, da injin yanka takarda mai doguwar wuƙa wanda ya gada wajen ubangidansa. Littattafan 'yan makaranta da suka warware, da kundin ɗalibai, da Alƙur'anai da suka tsufa, duk nan ake kawo su. Karatunsa bai yi nisa ba. Yana karanta Alƙur'ani da kyau, amma Larabcin da ba wasali sai dai ya kalle shi.

'Yarsa ta fari sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake kiranta Uwata. Ita kam ta yi nisa, har tana digiri na biyu a kan hadisi. Yana alfahari da ita har maƙwabta sun gaji da ji, amma can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da ke cinsa. Tun da ta shiga jami'a ba ta ƙara neman komai a wajensa ba sai addu'a. In tana zancen karatunta sai ya yi ta gyaɗa kai, yana tsoron ya yi tambayar da za ta nuna bai fahimta ba.

Ranar da abin ya fara, ta shigo shagon da hantsi rungume da wani ƙunshi a ƙirjinta kamar jinjiri.

“Baba, ajiya na kawo maka. Ɗakina yoyo yake yi, kuma ka san halin ƙannena.”

Ta buɗe ƙyallen a kan teburi. Tsohuwar jakar fata ce, a ciki akwai ganyayyakin takarda masu kauri, sun yi ja kamar an shafa musu shayi. Zaren da ya taɓa riƙe su ya ruɓe. Bakin kowane ganye ya zagwanye, ƙwari sun huda shi, hannuwa sun baƙanta shi. Mai Bango ya ji ransa ya sosu, irin yadda likita ke ji in ya ga miki an bar shi ba wanki.

“Wannan kuma na waye?”

“Na Gwaggo ne, matar marigayi liman. Cikin akwatin mijinta yake, shi ma gadonsa ya yi. Baba, wata da watanni ina zarya gidanta kafin ta yarda ta ba ni aro. Hadisai ne, kuma rubutun ya kai shekaru ɗaruruwa.”

Ta nuna masa layin farko da ɗan yatsanta ba tare da ta taɓa takardar ba. Ta ce kowane hadisi da jerin mutanensa: wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. In mutum ɗaya ya faɗi daga jerin, ko aka gano bai taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga bakinsa ba, to ruwayar ta samu rauni. A cikin jerin wannan littafi akwai wani mutum da malamai suka daɗe suna saɓani a kansa. Wasu sun ce ya zauna gaban shehinsa ya ji, wasu sun ce ina, shehin ya rasu tun yana ɗan mitsitsi.

“Ina ganin amsar tana nan,” in ji ta, idonta yana ƙyalli. “Sai dai tawadar ta dushe, hoton waya ba ya kama ta. Akwai wata fitila a jami'a da ke fito da rubutun da ya ɓace. Gwaggo ta ce littafinta ba zai bar gari ba, don haka zan je in roƙo a ba ni aron fitilar.”

Ya so ya tambaye ta a wane wuri amsar take. Bai tambaya ba. Ya gyaɗa kai.

Tana mayar da ganyayyakin cikin jaka sai ɗaya ya zame, ƙiris ya rage ya faɗi ƙasa. Ta cafke shi tana salati.

“Kullum gabana faɗuwa yake, kada ɗaya ya ɓace ko su cakuɗe. Ka sa min shi a durowar ƙarfe, Baba.”

Ta tafi tasha. Ya sa jakar a durowa ya kulle.

Washegari ya buɗe ya duba. Kwana na biyu ma ya buɗe. Maganarta ta ƙarshe ta tsaya masa a rai: kada ɗaya ya ɓace. Ga yarinya tana kwana da fargaba a kan abin da shi ya shafe rayuwarsa yana magancewa. Duk garin nan wa ya fi shi iya haɗa ganyen da ya rabu? Ya hango ta ta dawo, ya miƙa mata littafi ɗinkakke da bangon fata, ta riƙe baki ta ce, “Baba, kai ka yi wannan?” Ya hango ta tana nuna wa malamanta, tana cewa aikin mahaifina ne.

Da ya faɗa wa matarsa sai ta ɗago daga wankin da take yi.

“Malam, ajiya aka ce maka.”

“Ai ajiyar ce zan gyara.”

“Ni dai na faɗa. Kira ta a waya ka tambaye ta mana.”

“In na tambaya kuma ina abin mamakin?”

Ya yi alwala kafin ya fara. Ya ture aikin kowa gefe, har mai makarantar da ke jiran littattafansa ya zo ya yi faɗa ya tafi. Bai canza tsarin ganyen ba, yadda ya same su haka ya bi su. Ya zaɓi zare mai laushi, ya ɗinka a hankali, yana bin tsofaffin hujin allura don kada ya ƙara wa takardar rauni. Mai walda ya leƙo yana goge zufa.

“Yau kuma wa ya mutu? Ko rediyo ba ka kunna ba.”

“Aikin manya nake yi, ba irin naka na ƙona wa mutane ido ba.”

“To Shehu, a sa mu a addu'a.”

Da ɗinki ya kammala sai ya rage baki. A ƙa'idar sana'arsa littafi bai gamu ba sai an datse bakinsa, domin zagwanyayyen baki shi ke kama yatsa, daga nan yagewa take farawa ta ci har tsakiya. Ya duba gefen ganyayyakin da kyau. Ya ga 'yan ƙananan rubuce-rubuce, wasu a karkace, wasu a kife, ba irin hannun mai littafin ba, duk sun dushe cikin dauɗa. Ya san irinsu. Kullum yana ganinsu a littattafan 'yan makaranta: ɗalibi ya gaji da karatu ya kama zane a gefe. Ashe tun zamanin da yara ba su da ta ido, ya ce a ransa, har da ɗan murmushi.

Ya auna, ya sake aunawa, don kada wuƙa ta kusanci ko ɗigo ɗaya na ainihin rubutun. Ya ce bisimilla ya danna. Wuƙar ta sauka da wani ɗan sauti mai laushi. Ya juya littafin ya datse sama, ya datse ƙasa. Baki ya fito sumul, fari-fari, kamar yau aka yi takardar.

Guntayen da suka zube bai share su cikin shara ba. Rubutun Larabci ne, wa ya sani ko da sunan Allah a ciki. Ya tattara su tsaf, ya naɗe a farar takarda, ya zagaya bayan shago gindin katanga, inda ya saba binne yagaggun shafukan Alƙur'ani, ya haƙa rami ya rufe. A ranar da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka kuma kwana biyu ana yi.

Uwata ta dawo da rana tsaka, daga tasha kai tsaye, da ƙaramin akwatin fitilar a hannunta. Ya sa ta zauna a kujerar baƙi. Ya buɗe durowa ya ɗauko littafin da hannu biyu ya aza mata a cinya.

Ta kalli bangon. Ta kalle shi. Ta buɗe a hankali, ta shafa bakin takardar da babban yatsa, sai ya ga yatsan ya tsaya. Ta juya can ƙarshe da sauri, ganye na ƙarshe, ta kai shi kusa da fuskarta. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi.

“Baba, ina gefen?”

“Wane gefe, Uwata? Ai ko wasali ɗaya ban taɓa ba. Duba ki gani, na bar masa fili...”

“Rubutun da ke gefe. Ina yake?”

“Wannan zane-zanen ɗalibai?”

Ta rufe ido. Da ta buɗe baki muryarta ta yi ƙasa, a hankali take magana kamar mai yi wa mara lafiya bayani. Ta ce a zamanin da, in aka gama karanta littafi a gaban shehi, sai wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta a gefe: an karanta wannan a gaban wane, a wuri kaza, waɗanda suka zauna su ne wane da wane. Har yara ake rubutawa. Uba yakan saɓo ɗansa a kafaɗa ya kawo shi majalisin don sunansa ya shiga, saboda wata rana in ya tsufa ya isar wa na baya. Hadisan da ke tsakiyar shafi akwai su a wasu littattafai. Abin da babu a ko'ina shi ne wannan jerin sunaye na gefen ganyen ƙarshe. In sunan mutumin nan yana ciki, to ya haɗu da shehinsa.

Mai Bango ya ja da baya. Ya dafa injin yankan, ya yi sauri ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta.

“Ban zubar ba,” ya ce. “Wallahi ban zubar ba. Binnewa na yi.”

Suka zagaya baya. Gindin katangar ya zama taɓo, ruwan da ke gangarowa daga rufin shaguna duk nan yake taruwa. Ya durƙusa ya kama tono da hannu. Mai walda ya fito da shebur yana cewa, “Shehu, zinariya aka binne ne?” Da ya ga fuskar yarinyar sai ya jingine shebur ɗin ya koma shagonsa, bai ƙara kunna inji ba ranar.

Ƙunshin ya fito a dunƙule, jiƙe sharkaf. Ta karɓa a tafin hannunta biyu.

Kwanakin da suka biyo baya a shagon ta yi su. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburinsa, tana ɓamɓare guntayen ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, tana sa su tsakanin takardun shan ruwa. Da ya miƙo hannu zai taya ta sai ta ce, “Bari, Baba,” ba tare da ta ɗago ba. Ya koma bakin ƙofa ya zauna a benci kamar baƙo. Masu kawo aiki yana sallamarsu tun daga waje. A gida matarsa ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Takan ajiye masa abinci ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Da suka bushe ta fara gwada kowane guntu da ganyensa, tana bin hujin ƙwari, inda rabin huji ya haɗu da rabinsa. Wasu sun koma mazauninsu. Wasu sun narke, ba su da siffa. Na ganyen ƙarshe ya fito, dogo, siriri, a yage ta tsakiya.

Ta rufe taga da ƙofa don shagon ya yi duhu, ta kunna fitilar. Wani haske shuɗi ya sauka a kan guntun. Mai Bango ya matso bayanta yana riƙe numfashi. Ya ga baƙaƙe suna tasowa kamar tururuwa. Ta karanta a hankali: sunan shehin, sunan wanda ya yi karatun, sunan wani mai sayar da turare da ɗan'uwansa. Sai ta tsaya. Daga nan zuwa inda takardar ta yage babu komai sai wani tabo mai faɗi, inda ruwa ya kwashe tawadar ya shimfiɗa ta.

Ta juya fitilar ta kowace fuska. Ta kashe. Ta buɗe taga.

“Ba ya nan?”

“Ban sani ba. Wurin da zai kasance shi ne ya wanke.”

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

“Amma kin duba shi tun kafin ki tafi. Da idonki. Ba ki ga komai ba?”

“Na ga kamar farkon sunansa. Kamar.”

“To ai shi ke nan!” Ya matso. “Ki rubuta kin gani. Ke ba maƙaryaciya ba ce, kowa ya san ki. Kin gani, daga baya tsautsayi ya faɗa wa takardar. Wa zai ce ba haka ba? Laifin nawa ne, ki rubuta sunana ma in kina so. Amma kada wahalarki ta tafi a banza saboda ni.”

Sai a lokacin ta dube shi sosai, karon farko tun ranar da ta dawo.

“Baba, ka san me ya sa ake watsi da ruwayar mutum? Ba sai ya yi ƙarya da gangan ba. Ya isa a ce yana faɗin na ji a inda ya kamata ya ce ina zaton na ji. Na so in ga sunan nan, shekara guda ina so. Mai so haka idonsa ba shaida ba ne. Kuma maganar ba a kaina za ta tsaya ba, har bakin Annabi take zuwa.”

“Ni dai ke nake ji, Uwata.”

“Na sani,” in ji ta. Ta juya tana naɗe wayar fitilar.

Saura Gwaggo. Uwata ta ce ita za ta je, ya ce ƙafarsa ƙafarta. Suka same ta a ɗakinta a kan darduma, tsohuwa ƙanƙanuwa, idanunta sun yi fari. Akwatin marigayin yana ƙarƙashin gado, ana hango kwaɗonsa. Da aka sa mata littafin a hannu sai ta shafa bangon, ta shinshina, fuskarta ta washe.

“Kai, kai! Wa ya yi masa sabuwar riga? Da Malam yana raye da ya yi murna. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan.”

Mai Bango ya ji albarkar ta sauka masa kamar duka. Ya ga 'yarsa ta buɗe baki, sai ya riga ta. Ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe, bai rage ba, har da cewa ba a sa shi ba.

Tsohuwar ta sake shafa littafin. Yatsunta suka bi bakin takardar, sama da ƙasa, suna neman wani abu.

“Nan yake sa yatsa,” ta ce. “In ya gama karatu sai ya karkata littafin haka, ya karanta sunayen, ya yi musu addu'a ɗaya-ɗaya. Yakan ce su ne suka ɗauko mana kayan.”

Uwata ta matso da gwiwa. “Gwaggo, kina tuna sunayen?”

“Akwai mai turare. Akwai wani da ɗansa, ina ji. Ko da ƙanensa ne? 'Yar nan, ina tsakar gida ina aiki nake jiyo shi, ban riƙe ba.”

Ta jawo littafin ta sa ƙarƙashin mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sauran littattafan da ke cikin akwatin a bar su inda suke, ita ba ta da idon da za ta tsare su, kuma ta gaji, tana so ta kwanta.

Suka kamo hanyar gida. Da suka zo mararraba ya tuna lokacin da yake saɓa ta a kafaɗa ya kawo ta shago, tana zaune a kan tarin takardu tana wasa da guntaye. Ya so ya faɗa mata. Ya ga ba ranar ba ce.

Ta koma jami'a da akwatin fitilar da guntayen a cikin wani ɗan gwangwani, da izinin Gwaggo. Ta ce akwai wata na'ura da ta fi wannan ƙarfi a wata ƙasa, wataƙila a yarda a aika, wataƙila kuma ba abin da ya rage da za a gani. Ta ce za ta rubuta wa malamanta abin da ya faru yadda ya faru. Da mota za ta tashi ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta ce ya sa ta a addu'a.

Mai Bango ya buɗe shago washegari saboda littattafan mai makaranta suna jira. Ya ɗinka su, ya sa gam, ya matse. Da ya zo datse baki sai ya tsaya yana buɗe su shafi-shafi, yana karanta abin da yara suka zana a gefe, har mai walda ya leƙo ya ga abin da yake yi ya koma shagonsa.

Har yau ba a san ko tawadar za ta sake fitowa ba. Ba a san ko jami'a za ta karɓi aikin Uwata babu wannan shaida ba, ko Gwaggo za ta ƙara buɗe akwatin. Kuma ba wanda ya san ko wancan yaro ya taɓa zama a gaban shehin.